BABI NA UKU: Daɗin Taka Shimfiɗar Ƙafa da Aka Ƙera da Injin Ɗab'i Mai Gina Abu Hawa-Hawa, Bisa La'akari da Yanayin Katabu

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙirar ƙafar ɗan'adam da irin cututtukan da kan same ta. Shi kuwa wannan babi ya ta'allaƙa ne a kan abu guda, wato daɗin da mutum yake ji, ko ya kasa ji, idan ya taka shimfiɗar da aka auna ƙafarsa aka ƙera masa da injin ɗab'i mai gina abu hawa-hawa. Dalilin keɓe wa wannan batu babi sukutum shi ne, duk shimfiɗar da ba ta yi wa mai ita daɗi ba, makomarta ƙarƙashin gado ne, komai kuɗin da aka kashe mata, komai kuma zurfin ilimin wanda ya zana ta. An ɗauki Katabu, wadda ke arewacin birnin Kaduna a kan hanyar Zariya, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, a matsayin wurin gwada wannan magana, domin kusan dukkan binciken da aka yi a kan batun an yi shi ne a ƙasashen da mutane ke yini cikin rufaffen takalmi da safa, alhali rayuwar mutumin Katabu ba haka take ba.

3.1 Ma'anar Shimfiɗar Ƙafa

Abin da ake nufi da shimfiɗar ƙafa a wannan nazari shi ne wani faifai da ake sawa tsakanin tafin ƙafa da ƙasan takalmi domin ya gyara yadda nauyin jiki ke sauka a kan ƙafar. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma a kowane taku nauyin da ke sauka a kanta yakan ɗara nauyin jikin mutum kaɗan. Idan gudu ake yi, yakan ninka shi sau biyu zuwa uku. Wannan nauyi ba ya bazuwa daidai wa daida. Yana taruwa ne a dunduniya da tudun da ke bayan yatsu da kuma babban yatsa, yayin da kwarin tsakiyar ƙafa ke ɗaukar kaɗan. Aikin shimfiɗa shi ne ta rage wa wuraren da suka yi lodi, ta ɗora wa kwarin wani kaso, wani lokaci kuma ta hana dunduniya karkata ciki ko waje fiye da ƙima.

Shimfiɗa iri biyu ce. Akwai ta kanti, wadda ake yi da yawa bisa lambar takalmi, akwai kuma ta awo, wadda ake yi wa mutum ɗaya bisa surar ƙafarsa. Masu bukatarta sun haɗa da masu ciwon dunduniya, da masu shafaffen tafin ƙafa ko kwari mai zurfi, da masu amosanin gaɓoɓi, da waɗanda shan-inna ta taɓa tun suna yara. Duk da cewa a shekarar 2020 aka tabbatar da Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta asali, waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan da ransu a garuruwan Arewa. Sai kuma masu ciwon sukari da waɗanda suka yi fama da kuturta, waɗanda lamarinsu ya sha bamban da na saura, kamar yadda za a gani a 3.5.

3.2 Tsohuwar Hanya da Sabuwa

Hanyar da aka daɗe ana bi wajen yin shimfiɗar awo ita ce ta filasta, wadda marasa lafiya suka fi sani da sunan siminti. Ma'aikaci yakan naɗe tafin ƙafa da bandejin filasta, ya riƙe ƙafar a wani tsayayyen yanayi har bandejin ya bushe, sa'an nan ya zare shi kamar ƙoƙo. Sai ya zuba ruwan filasta a cikin ƙoƙon, ya sami gunkin ƙafar. A kan wannan gunki ne gwanintarsa take fitowa, domin zai kankare wani wuri, ya ƙara wa wani, gwargwadon inda yake son shimfiɗar ta tokare da inda yake son ta sassauta. Daga nan sai a gasa faifan roba mai tauri ko na soso har ya yi laushi, a lulluɓa shi a kan gunkin, a yanke, a goge. Wani likitan ƙafa ɗan Amurka mai suna Merton Root shi ne ya yi fice wajen tsara ƙa'idojin wannan hanya a shekarun 1960 da 1970. A Arewacin Nijeriya, wurin da ya fi shahara da irin wannan aiki shi ne Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a shekarar 1959. Kwamitin Red Cross na Duniya ya fara tallafa wa sashen gaɓoɓin roba na asibitin a shekarar 2016, sa'an nan aka buɗe wata cibiyar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a shekarar 2020. Daga Katabu zuwa Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 200, kuma aikin filasta ba ya ƙarewa a zuwa ɗaya.

Ita kuwa sabuwar hanya matakai uku gare ta. Da farko ana ɗaukar surar ƙafa da na'urar haske, ko ma da kyamarar wasu wayoyin hannu, ba tare da an taɓa ƙafar da filasta ba. Na biyu, ana zana shimfiɗar a kwamfuta bisa wannan sura. Na uku, ana tura zanen ga injin da zai gina ta, ba ta hanyar sassaƙa ba, sai dai ta ɗora siririn hawa a kan wani, tamkar yadda magini ke ɗora tubali sahu-sahu. Charles Hull ne ya sami rajistar ƙirƙirar irin wannan inji na farko a Amurka a shekarar 1986. Iri biyu ne suka fi shiga aikin shimfiɗa. Ɗaya yana narkar da zaren roba yana zuba shi ta ɗan ƙaramin baki, kamar mai zanen lalle da leda. Scott Crump ne ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980, kuma bayan wa'adin rajistarsa ya ƙare a shekarar 2009 farashin injinan ya faɗi ƙwarai. Ɗayan kuma yana amfani da hasken lesa ne wajen manne garin nailan, aikinsa ya fi kyau da ƙarko, amma tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin shago.

Fifikon sabuwar hanya a fili yake. Zanen yana nan ajiye a kwamfuta, saboda haka idan shimfiɗa ta mutu za a iya sake buga wata ba tare da sabon awo ba, kuma za a iya auna ƙafa a Kaduna a zana a Kano. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, injin yana iya gina cikin shimfiɗar kamar saƙar zuma, ya cika ramukan a wani wuri, ya buɗe su a wani, ta yadda faifai ɗaya zai yi tauri a kwarin ƙafa ya yi laushi a ƙarƙashin yatsan da ke ciwo. Sai dai ya kamata a lura da cewa injin bai san ƙafa ba. Kankarewa da ƙarin da ma'aikaci ke yi a kan gunkin filasta ba su ɓace ba, sun dai koma kan allon kwamfuta ne. Idan mai zanen bai san aikinsa ba, injin zai buga kuskurensa daidai yadda ya zana shi, ba ragi ba ƙari.

3.3 Mene ne Daɗi, Kuma Yaya Ake Auna Shi?

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu na'urar da ke auna daɗi kai tsaye. Dole sai an tambayi mai ƙafar. Hanyar da masu bincike suka fi bi ita ce a ja layi a takarda, a rubuta "babu daɗi ko kaɗan" a wannan ƙarshe, a rubuta "matuƙar daɗi" a wancan, a ce wa mutum ya sa alama inda ya ga ya dace, sa'an nan a auna da rula. Mündermann da abokan aikinta a Jami'ar Calgary ta Kanada (2002) sun yi amfani da layi mai tsawon milimita 150, kuma sun nuna cewa ba a dogara da amsar zama ɗaya, sai an maimaita gwajin, an kuma haɗa da wata shimfiɗa tsayayya da za a riƙa kwatantawa da ita. Mills da abokan aikinta a Ostireliya (2010) sun gano cewa idan aka ba mutum takalma aka ce ya jera su daga wanda ya fi masa daɗi zuwa wanda ya fi takura masa, amsarsa ta fi tsayawa a kan magana ɗaya.

Wannan sakamako na biyu yana da muhimmanci ga wuri irin Katabu. Layin da ake ja a takarda ya ɗauka cewa kowa daga hagu yake fara karatu, alhali dattijon da karatunsa na allo ne daga dama idonsa yake farawa. Bayan wannan akwai kara da kawaici. Da wuya Bahaushe ya dubi idon ma'aikacin da ya sha wahala a kansa ya ce masa abin da ya yi bai yi ba. Idan aka ce, "Baba, yaya ka ji shi?" amsar da za a samu ita ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya saka da alheri," ko da kuwa abin yana cizonsa. Amma idan aka ajiye masa shimfiɗa biyu ko uku aka ce ya zaɓi wadda zai tafi da ita gida, zaɓinsa zai faɗi abin da bakinsa ya ji nauyin faɗa.

Har ila yau, kalmar "daɗi" ita kanta jaka ce mai ɗauke da abubuwa da yawa. Harshen Hausa yana rarrabe matsi da tokari da gurza da zafi da santsi da nauyi, kuma kowannensu maganinsa daban. Matsi yana nufin shimfiɗar ta cinye wurin ƙafa a cikin takalmi, sai a rage mata kauri. Tokari yana nufin tudun da aka yi wa kwarin ƙafa ya yi tsawo ko bai zauna a gurbinsa ba. Gurza daga gefe take zuwa ko daga kaushin saman faifan. Ma'aikacin da ya tambayi mara lafiya da waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya zai fita da abin gyara a hannunsa, wanda kuwa ya tsaya a kan "da daɗi ko babu" zai fita da godiya kawai.

3.4 Abin da Bincike Ya Nuna

Pallari da Dalgarno da Woodburn (2010) sun gwada shimfiɗar nailan da aka buga da lesa a kan mutane bakwai masu amosanin gaɓoɓi a Birtaniya, suka ga ba ta gaza wadda aka yi da hannu ba ta fuskar dacewa da daɗin taku. Adadin mutanen ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa, amma ya buɗe hanya. Binciken da ya fi kusa da batun wannan babi shi ne na Salles da Gyi (2013) na Jami'ar Loughborough da ke Ingila. Sun ɗauki masu gudun motsa jiki 38, suka raba su gida biyu. An buga wa rukuni na farko shimfiɗa bisa surar ƙafarsu, an buga wa na biyu wadda aka kwaikwayo daga shimfiɗar takalmin ta asali, duka da inji ɗaya, aka bi su tsawon wata uku. Rukunin farko sun fi samun sauƙi a dunduniya, sun kuma fi jin takalmin ya zauna musu. Amma dukkan rukunonin biyu sun koka da rashin daɗi a kwarin ƙafa.

Wannan koke na kwarin ƙafa abin tsayawa ne a duba. Ana ɗaukar surar ƙafa ne tana tsaye cik ko tana rataye, alhali ƙafa mai tafiya tana miƙewa tana faɗaɗa, kwarinta yana sauka yana tashi a kowane taku. Haka kuma takan ɗan kumbura zuwa yamma. Faifai mai tauri da ya kama surar ƙafa tsam a lokacin awo zai zame mata dutse a lokacin tafiya. Ke nan kamanni da surar ƙafa abu ɗaya ne, daɗi kuma wani abu ne daban, kuma wanda ya ɗauka ingancin na'urar awo shi kaɗai zai kawo daɗi ya yi kuskuren lissafi.

Akwai kuma wata gaskiya da masu tallar injin ba su cika faɗa ba. Landorf da abokan aikinsa (2006) sun gwada masu ciwon dunduniya 135 a Ostireliya, suka ga shimfiɗar kanti mai kyau da ta awo kusan amfaninsu ɗaya. Saboda haka ba kowace ƙafa ce ke bukatar awo ba. Direban da dunduniyarsa ke ciwo da asuba, ƙafarsa kuma ba ta da wata nakasa, babu dalilin tura shi neman inji. Awo yana cin kuɗinsa ne a ƙafar da surarta ta kauce wa ta jama'a, wadda babu abin kanti da zai zauna mata.

3.5 Ƙafar da Ba Ta Jin Ciwo

Duk abin da aka faɗa a sama ya ginu ne a kan cewa jiki magayi ne. To amma akwai jikin da ya daina gaya wa mai shi. Ciwon sukari idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, haka ma kuturta. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki da masu kuturta a kudancin Indiya tun daga ƙarshen shekarun 1940, shi ne ya nuna cewa ba cutar ce ke cinye yatsu da tafin ƙafa kai tsaye ba. Abin da ke faruwa shi ne, mai lafiya idan wuri ya fara masa zafi yakan canza taku ko ya zauna ya huta ba tare da ya ma lura ba, shi kuwa wanda jijiyarsa ta mutu zai ci gaba da dukan wuri ɗaya sau dubbai har naman ciki ya mutu, kanta ta fito, ƙarƙashinta ya zama gyambo. Daga wannan fahimta ne aka fara yi wa masu kuturta takalma da wata roba mai laushi mai ƙananan ramuka, wadda har yanzu shirye-shiryen yaƙi da kuturta ke amfani da ita. Nijeriya ta kai matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya na rage cutar a shekarar 1998, amma ana ci gaba da samun sababbin masu ita kowace shekara, kuma cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana Saye, kusa da Zariya, ba nisa da Katabu.

Ga irin wannan ƙafa, amsar "da daɗi" ba hujja ba ce, tana ma iya zama tarko. Mai mataccen ji yakan fi son takalmin da ya matse shi, domin sai an matse ƙafar yake jin akwai takalmi a jikinta. A nan dole ido da na'ura su maye gurbin jijiya. Ana fara gwada ji da siririn zaren nailan da ke lanƙwashewa a kan nauyin giram 10. Wanda bai ji taɓawarsa ba yana cikin haɗari. Ƙa'idar ƙungiyar masana ƙafar masu ciwon sukari ta duniya ita ce, takalmin wanda ya taɓa yin gyambo ya rage matsin da ke wurin haɗari da aƙalla kashi 30 cikin 100, ko ya saukar da shi ƙasa da kilofaskal 200. Inda babu na'urar auna matsi, sai a sa shimfiɗar na ɗan lokaci, a cire, a duba ja ko ɗumi ko bororo a fatar, a riƙa ƙara lokacin sawa sannu a hankali. Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Armstrong da Boulton da Bus (2017) sun ƙiyasta cewa cikin waɗanda gyambonsu ya warke, kimanin kashi 40 cikin 100 yakan dawo musu cikin shekara ɗaya, kuma gyambon da ya ƙi warkewa shi ne babbar hanyar da ke kai mai ciwon sukari ga yanke ƙafa.

3.6 Takalmin da Ake Sawa a Katabu

Bus da abokan aikinsa (2013) sun bi masu ciwon sukari 171 a ƙasar Holan tsawon wata 18, inda aka inganta takalman rabinsu da na'urar auna matsi. Da aka haɗa kowa da kowa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma da aka ware waɗanda suka riƙa sa takalmin a mafi yawan takunsu, sai aka ga gyambo ya dawo wa kimanin kashi 26 cikin 100 na masu ingantaccen takalmi, ya kuma dawo wa kimanin kashi 48 na sauran. A wani binciken na wannan shekara, Waaijman da abokan aikinsa sun gano cewa mutanen sun fi ajiye takalmin a cikin gida, alhali a gidan suka fi yawan taku. Ma'anar wannan ita ce, amfanin shimfiɗa yana rataye ne a kan yawan takun da aka yi a kanta.

Idan haka lamarin yake a ƙasar sanyi, to ina ga Katabu? Shimfiɗar da littattafan Turawa ke bayani an tsara ta ne domin takalmi sau-ciki mai zurfi da igiya. Mafi yawan mazauna wannan yanki kuwa, daga manomi zuwa ɗan tireda, daga ɗan dako zuwa direbobin manyan motocin da ke yada zango a Mararrabar Jos, silifa da sandal da takalmin roba ne abin sawarsu ta yau da kullum. Sau-ciki na ma'aikacin ofis ne da ɗan makaranta da ranar biki. Silifa kuwa ba ta da bango da zai riƙe faifai. Idan aka ɗora shi a kanta, taku uku zai zame. Mutumin da aka ba shimfiɗa aka ce ya nemi kambas ya riƙa sawa, an ɗora masa kuɗin takalmi, an kuma ɗora masa canza shigar da ya saba da ita tun yarinta.

Bugu da ƙari, Musulmi yana cire takalmi sau biyar a yini domin alwala da salla, yana cire shi a ƙofar ɗaki, yana cire shi idan zai zauna a tabarma ko zai gaida babba. Takalmi mai igiya yana gajiyar da mai irin wannan rayuwa, kuma ƙafar da aka mayar cikinsa da danshin alwala tana jiƙa shimfiɗar, tsakanin yatsu ya yi laushi ya tsage. Ga mai mataccen ji akwai ƙarin haɗari a 'yan takun da zai yi ba takalmi a kan simintin harabar masallaci da azahar a watan Maris ko Afrilu, domin zafin da zai sa mai lafiya ya yi tsalle shi ba zai ji shi ba sai ya ga bororo. Matan aure kuma, waɗanda yawancin zirga-zirgarsu tsakanin ɗaki da madafa da bakin rijiya ce, kusan dukkan takunsu a kan silifa yake ko a ƙasa. Shimfiɗar da ke zaune cikin takalmin unguwa ba ta san da wannan tafiya ba.

Surar ƙafar ma da bambanci. D'Août da abokan aikinsa (2009) sun nuna cewa mutanen Indiya da suka saba tafiya ba takalmi ƙafarsu ta fi faɗi, nauyi kuma ya fi bazuwa a tafinta, idan aka kwatanta da Turawan da suka tashi cikin takalmi. Ƙafar da ta girma a kan silifa ta fi kusa da ta farko. A nan na'urar awo tana da rana, domin tana ɗaukar ƙafar yadda take. Sai dai manhajojin zane sukan zo da samfurin da aka gina bisa ƙirar takalman Turai, kuma idan mai zane ya bi samfurin ido rufe zai yanke gefen shimfiɗar ya bar ƙaramin yatsa a waje.

Akwai kuma daɗin da ba a tafin ƙafa ake jin sa ba. An daɗe da sanin cewa a Indiya masu kuturta da yawa sun ƙi sa baƙin takalmin robar da ake raba musu, domin duk wanda ya gan shi ya san cutar mai shi. A ƙasar Hausa, inda kunyar wannan cuta take da nauyi, takalmin da ke tona asiri ba zai fita ƙofar gida ba.

Abin da ya fi dacewa da wannan yanayi shi ne a daina kallon shimfiɗa a matsayin abin cusawa cikin takalmi, a mayar da ita ƙasan sandal ɗin kanta. Injin ya buga gadon da ƙafa za ta kwanta a kai, da ƙoƙon dunduniya da ɗan bango a gefe, sa'an nan baduku ya lulluɓe shi da fata mai laushi, ya sa masa maɗauri na gaba da na bayan dunduniya wanda ake ɓallewa da hannu ɗaya, ya manna masa ƙasa mai ƙarko. Wannan ba baƙon aiki ba ne ga dukawan Kano da Zariya, ko ga masu ɗinkin takalma na kasuwannin Kaduna. Abin da za a koya musu kaɗan ne amma ba a wasa da shi: kada ƙusa ta shiga aikin, kada ɗinki ya zauna a inda zai gurji fata, kada kuma a sa maɗaurin da ke ratsa tsakanin yatsu ga mai mataccen ji.

3.7 Zafi, Ƙura da Wutar Lantarki

Zaɓin robar da za a buga da ita yana shafar daɗi kai tsaye. Zaren da ya fi araha, wanda ake kira PLA, yana da tauri, yana karyewa, kuma yana fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, zafin da takalmin da aka bari a cikin rufaffiyar mota da rana zai iya fuskanta a bazara. Wanda ya dace shi ne TPU, mai lanƙwasa da jure gurza, sai dai yana shan danshin iska, saboda haka da damina dole a adana shi a rufe, in ba haka ba bugun zai fito da kumfa. Ko shi ma a dunƙule ya fi robar takalman masu kuturta tauri nesa ba kusa ba, laushinsa daga saƙar ciki yake zuwa. Wannan saƙa kuma idan aka bar ta a buɗe, ƙurar hunturu da yashi da taɓon damina za su cika ramukan, wurin da aka zana ya yi laushi ya koma tauri ba tare da mai shi ya sani ba, tsakuwa ɗaya kuma ta isa ta huda ƙafar da ba ta ji. Don haka rufe saman da gefen wajibi ne. Saman bugun ma yana fitowa da layi-layi masu kaushi, kuma tun da yawancin masu sawa ba sa sa safa, ba a barin fata ta taɓa shi kai tsaye.

Buga shimfiɗa ƙafa biyu yana cin sa'o'i da dama, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, sau da yawa sai dai a zubar a sake. Injin zare ba ya cin wuta sosai, saboda haka batir da faifan sola suna iya riƙe shi, amma dole a sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. Ba lallai ne kuma injin ya zauna a Katabu ba. Ana iya ɗaukar awo a asibitin da ke kusa, a tura ta intanet zuwa inda ƙwararren mai zane yake, kayan su dawo a mota. Abin da ba ya yiwuwa daga nesa shi ne gwaji da gyara. Dole a sami ma'aikaci a kusa wanda zai ga mutumin yana tafiya a kan shimfiɗar ranar da aka ba shi, ya sake ganinsa bayan mako ɗaya ko biyu, ya juya takalmin ya duba inda ya fara cinyewa. Idan ƙasansa ya nuna alamar taku, saman kuma ya ɗauki sawun ƙafa, an san ana sa shi. Idan kuwa ya dawo fes kamar ranar da aka bayar, sai a ajiye na'ura a koma kan tambayoyin matsi da tokari da gurza, a kuma tambayi irin takalmin da mutumin yake sawa daga asuba zuwa lokacin kwanciya.